Ba Inji Ne Ke Ɗaga Ƙofar Gareji Ba

Mai gida zai kira ni ya ce injin ƙofar garejinsa ya gaji, in taho da sabo. Sau tari idan na je, injin lafiyarsa ƙalau, ƙofar ce ta yi nauyi. Sifirin ɗin da ke kwance a saman ƙofar shi ke ɗauke da nauyinta, injin ja kawai yake yi. Sifirin na gama-gari an ƙera shi ne ya buɗe ya rufe kamar sau 10,000, gidan da ake yawan shige da fice kuwa ba ya daɗewa ya cinye wannan adadi.

Ubangidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya taɓa sukundireba sai ya rufe ƙofa, ya ja jar igiyar nan mai raba ta da inji, ya ɗaga ta da hannu zuwa rabi, ya sake. In ta tsaya cak, sifirin na da sauran ƙarfi. In ta sulale ƙasa, an kama mai laifi. A lokacin gani muke tsufa ne ke sa shi jan aiki. Yau nawa yaran ma da wannan gwajin suke fara kowane aiki.

Abin da ke ɓata min rai shi ne 'yan na-iya. Ƙofa ta yi nauyi, sai mutum ya hau tsani ya murɗa wurin ƙara wa inji ƙarfi har ƙarshe, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ƙofar za ta tashi kam, amma haƙoran roba da ke cikin injin za su cinye, kuma ranar da ta sauko kan yaro ba za ta ji ta taɓa komai ba. Shi ya sa duk saitin da muka taɓa, na ƙarfi ne ko na iyakar hawa da sauka, sai mun kwantar da katako mai kaurin santimita 4 a bakin ƙofa. Da ta taɓa shi dole ta koma sama. Idanun lantarki biyu na gefen ƙofa, masu hana ta sauka in wani abu ya gitta tsakaninsu, su kuma kada su wuce santimita 15 daga ƙasa. Amurka ta wajabta irin wannan kariyar tun 1993, amma har gobe ina tarar da su an manne su wuri ɗaya can sama don kada su dami kowa.

Akwai abin da mai gida zai yi da kansa: ya goge idanun, ya daidaita su har fitilunsu su daina ƙyaftawa, ya ɗaure notocin da girgiza ta kwance, ya canza batirin rimot. Man silikon ko farin giris ya shafa a hinji da tayoyi, layin da tayoyin ke bi kuwa gogewa kawai yake so, giris a ciki ƙura yake tarawa. Sifirin dai a bar mana, yana karya hannu.

Masu cinikin da ke cewa sun ga inji mai rabin kuɗin nawa, ba na musu da su. Nakan ce su tambayi mai sayarwar ko yana da haƙoran canji idan na ciki suka cinye. Yawancinsu ni suke kira in cire shi.