Inda aka kwana kan rumbun ajiyar gunguna: wa zai karanta, wa zai rubuta

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Ɗan gungun sabar da nake haɗawa a ɗaki yanzu ya tsaya da ƙafarsa: ƙananan kwamfutoci uku masu aiki da ake kira Raspberry Pi, sai wata tsohuwar kwamfutar tebur mai Debian (wani nau'in Linux) da ke riƙe da faifan ajiya tana raba musu ta NFS, tsarin nan na raba fayiloli ta netwok da kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi tun 1984. Haɗa su bai ba ni wuya ba. Tsara wanda zai karanta kawai da wanda zai rubuta, shi ne ya ci mini lokaci.

Ƙofar farko tana cikin /etc/exports, fayil ɗin da ke kan sabar inda ake jera na'urorin da za a raba wa folda. Na ba Pi ɗaya izinin rubutu (rw), sauran karatu zalla (ro):

/srv/rumbu 192.168.1.11(rw,sync) 192.168.1.12(ro) 192.168.1.13(ro)

Ku kula da kyau, babu tazara tsakanin adireshi da bakar da ke biye da shi. In kuka bar tazara, wannan rw ɗin ya tashi daga kan na'urar da kuka nufa ya koma kan duk wanda ya iya isowa ga sabar. Bayan gyara sai a ba da umarnin exportfs -ra domin sabar ta ɗauki sauyin. Shi kuwa sync, wanda ke sa sabar ta jira bayani ya sauka a faifai kafin ta amsa, ban yarda in sauya shi ba. Da async sabar kan ce ta ajiye alhali bayanin bai sauka a faifai ba, mu kuma ga yadda ake ɗauke mana wuta ba sallama.

Ƙofa ta biyu ta fi ɓoyuwa. A tsarinsa na yau da kullum NFS bai damu da sunan mutum ba, lambarsa ta mai amfani, wato UID, yake dubawa. Debian tana ba mai amfani na farko 1000, na biyu 1001. Don haka suna ɗaya zai iya zama 1000 a wannan na'ura, 1001 a waccan, sabar ta ɗauke su mutum biyu daban, ta hana ɗaya taɓa fayilolinsa. Na daidaita lambobin a ko'ina, na buɗe rukuni mai lamba (GID) ɗaya a dukkan na'urorin, na sa chmod 2775 a kan babban folda domin duk sabon fayil ya gaji rukunin, sannan umask 002 domin 'yan rukunin su iya rubutu a sababbin fayiloli.

Akwai kuma root_squash, wanda yake a kunne tun asali. Yana mayar da root (mai cikakken iko a na'ura) na kowace Pi ya zama nobody, asusu marar gata mai lamba 65534. Za ku ga masu ba da shawarar no_root_squash don a huta da saƙon hana izini. Kada ku biye musu, wannan miƙa makullin gida ne ga duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin ƙananan na'urorin. Ko da squash ɗin ma tsaron ba cikakke ba ne, tunda mai root a Pi zai iya ɗaukar lambar kowa ya shiga da ita. Maganin wannan Kerberos ne, tsarin tantance masu amfani, amma ban kai can ba tukuna.

Gwajin da ya fi koya mini abu shi ne da na ba Pi ta biyu rw, na sa su biyun suna ƙara layuka a fayil ɗaya lokaci guda. Da na ƙirga da umarnin wc -l, layukan ba su cika ba, wasu sun hau kan wasu. Izini ya ba su damar rubutu, amma bai tsara musu layi ba. Da na naɗe umarnin rubutun cikin flock, wanda ke kulle fayil har mai rubutu ya gama, sai suka riƙa jiran juna, lissafi ya fito daidai. Daga nan na zare wayar Pi ɗin da ke riƙe da kulle da gangan. Ɗayar ta yi tsaye kusan minti ɗaya da rabi kafin ta ci gaba, domin wa'adin da sabar NFSv4 ta Linux ke bai wa mai kulle daƙiƙa 90 ne.

Mataki na gaba in Allah ya yarda shi ne iSCSI, inda na'urori za su ga faifan kai tsaye ta netwok kamar a jikinsu yake. A can ext4, tsarin fayil da aka saba da shi a Linux, ba ta da amfani, na'ura biyu suka ɗora ta tare da rubutu sai ta lalace. GFS2 zan gwada, tsarin fayil da aka yi don na'urori da yawa su yi tarayya a faifai ɗaya, tare da Corosync da Pacemaker masu kula da gungu, kuma sai na nemo soket ɗin da ake kashewa ta netwok, domin gungun ya iya yanke wa na'urar da ta daina amsawa wuta kafin ta ɓata faifan.