Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Dokar 2005 da Ruwan Jazira

Makon jiya na tsaya a inda na bar Mai Wurno na kama aikin gafir, mai tsaron ƙofar ruwa a gonakin Jazira na ƙasar Sudan. Yau sai dokar 2005 da ta sauya tsarin noman Jazira, amma ba za a gane ɓarnarta ba sai an san hanyar ruwan.

Daga madatsar Sinnar da ke kan kogin Blue Nile, wadda Turawan Ingila suka gama a 1925, ruwa yana gangarowa da kansa, ba inji. Babbar tur'a, wato magudanar ruwa, ta ba ƙarama, ƙarama ta ba lambatun da ake kira Abu Ishirin, shi kuma ya shayar da nimra guda, wato fili mai faddan 90 (faddan kusan eka guda ne). Daga nan ƙaramin lambatu, Abu Sitta, ya kai wa kowa hawasharsa, wato gonarsa. Asirin tsarin abu ɗaya ne: duk nimra shuka iri ɗaya, a lokaci ɗaya. In auduga ce, auduga ce. Mufattish, wato sufeton gona, ya ƙiyasta ruwan da ake bukata, gafir ya buɗe ƙofa daidai gwargwado, bayan kwana 14 zagaye ya dawo.

Sai a 2005 aka zauna a Khartum aka yi doka, aka ce manomi ya shuka abin da ya ga dama, ƙungiyoyin manoma kuma su riƙe ƙananan tur'o'i. A takarda abin gwanin sha'awa. A gona kuwa wannan ya sa gyaɗa, maƙwabcinsa dawa, na can albasa, kowa da ranar ƙishirwarsa. Mai hawasha a bakin tur'a ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi ya sayi famfo da man gas, a ƙasar da ruwa ke zuwa da ƙafarsa.

Ga kuma laka. A wancan lokaci, da damina kogin yakan taso daga tsaunukan Habasha jawur da ƙasa, ita kuma ƙaramar tur'a an gina ta ne ta tara ruwa da dare, don haka nan lakar ke kwanta, ciyawa ta biyo baya. Ƙungiyoyin ba su da kuɗi, ba su da injiniya. Aka kawo masu karaka, wato injin haƙa, da ake biya gwargwadon lakar da suka kwashe. Ai kuwa suka yi ta zurfafawa har ruwa ya koma ƙasa da bututun Abu Ishirin. Tur'a cike, gona busasshiya.

Mutanenmu na kambo fa, wato sansanin leburorin gona, waɗanda tun kakanni su ke tsinkar audugar? Yawancinsu ba su da hawasha, noman raba-daidai suke yi da mai ita. A lokacin, wanda ba shi da takardar gona ba ya cikin ƙungiya, banki ba ya ba shi bashi, alhali shi ne ke tsaye a bakin Abu Sitta tsakar dare da fitila. Ba wanda ya tambaye shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar 2009, shekarar da aka sallami ma'aikata.