Yadda na raba 15 da biro kafin in taɓa kwamfutar kwantam

A shekarata ta ƙarshe a sashen lissafi na Jami'ar Bayero, na ɗauki furojet a kan hanyar da Peter Shor ya fito da ita a 1994, wadda ke amfani da kwamfutar kwantam, wato kwamfuta mai aiki da dokokin ƙananan ƙwayoyin zarra, don gano lambobin da aka ninka suka haifi wata babbar lamba. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka ƙirƙira a 1977, ya dogara ne da wahalar wannan aikin ga kwamfutar da muka saba da ita. Da na kai wa malamina batun, sai ya ce: "Ajiye kwamfuta tukuna. Je ka raba mini 15 da biro, ta hanyar Shor."

Na ɗauki 7 ina ninka ta da kanta, kowane karo in raba da 15 in riƙe saura. Sai na samu 7, 4, 13, 1, daga nan ta koma 7. Zagayen taki 4 ne, rabinsa 2, don haka a ɗauki 7 guda biyu a ninka: 7 sau 7 shi ne 49. A cire ɗaya 48, a ƙara ɗaya 50. Babbar lambar da ke raba 48 da 15 ita ce 3, mai raba 50 da 15 kuma 5. Shi ke nan, 3 sau 5.

A nan idona ya buɗe. Aikin kwamfutar kwantam a duk wannan guda ɗaya ne tak: gano tsawon zagayen idan lambar ta yi girma ƙwarai. Sauran duk ilimin lambobi ne, har da hanyar Yuklid ta gano babbar lambar da ke raba lambobi biyu, wadda ta haura shekara 2000. Darussan aljabara da abokaina ke cewa ba su da amfani a kasuwa, ashe su ne ƙashin bayan abin.

Ana yawan cewa wai kwamfutar kwantam tana gwada dukkan amsoshi a lokaci guda. Wannan maganar tana ɓatar da ɗalibi. Idan ka auna kubit, wato ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfutar kwantam, amsa ɗaya za ka samu. Gwanintar ita ce a tsara lissafin yadda amsoshin banza za su kashe juna, a bar masu amfani.

Daga baya na kwaikwayi lissafin a laftof ɗina da Qiskit, manhajar rubuta shirye-shiryen kwantam, a ɗakinmu da ke Kabuga. Kowane ƙarin kubit yana ninka ƙwaƙwalwar da ake buƙata sau biyu, kubit 30 na neman lambobi sama da biliyan ɗaya. Masu bincike na IBM ma, a 2001, 15 ɗin nan suka raba da kubit 7.

Yanzu hankalina ya koma kan lissafin latis, wato lissafin ɗigogi da aka jera a tsari kamar mahaɗar raga, domin a kansa aka gina biyu daga cikin ƙa'idojin tsaro uku da hukumar NIST ta Amurka ta fitar a 2024 don jure wa kwamfutar kwantam. A kansa nake fatan yin digiri na biyu, in Allah ya yarda.