Mun dawo gida, Alhamdulillahi

An sallame mu daga asibiti jiya da yamma. Auta ya kwana a gadonsa, ni kuma na yi barcin da rabona da shi tun ranar Asabar. Duk wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi mini afuwa, wayar tana hannuna, bakin ne ya ƙi buɗuwa.

Kun riga kun ji yadda abin ya faru da Auta a wurin horon hawa igiya, ba sai na maimaita ba. Abu ɗaya ne ya ƙi barin idona. Yarona yana reto a ƙarƙashin wayar da suke bi a sama, wajen mita 10 daga ƙasa, ɗamarar tsaro ta riƙe shi a ƙugu da cinyoyi, kansa ya langaɓe, hular kwano ta karkace. Ina tsaye cikin iyayen da aka gayyata ranar rufe horo, na buɗe baki in kira shi, ko sauti bai fito ba. Sai ga muryar wani yaro daga kan dandamalin katako: "Kai, ɗago kanka! Ni za ka kalla, ba ƙasa ba! Motsa ƙafa, yi kamar kana tuƙa keke!" Bai yi shiru ba ko na daƙiƙa ɗaya har muryarsa ta dushe. Na ga ƙafar Auta ta motsa. Wallahi a nan ne numfashina ya dawo.

Yaron nan kuwa shi ne wanda Auta ya yi mako guda yana kawo mini ƙararsa. Sun yi cacar baki a wurin katangar da ƙungiya ke ɗaga juna su haye ba tsani, kowa yana so a bi tsarinsa. Daga baya likita ya yi mini bayani: mutum in ya daɗe a rataye cikin ɗamara ba motsi, jini yana taruwa a ƙafafu, wanda ke komawa zuciya ya ragu, sai suma, kuma abin na iya wuce suma in aka yi jinkiri. An koya musu wannan tun ranar farko. Ɗana, yaron kirki, ban kama sunanka ba don mahaifiyarka ta ce in bari, amma duk wanda yake wurin ya san ka. Allah Ya raya ka, Ya yi maka albarka, Ya ba ka mai tsaya maka a ranar da ƙafarka ta gaza, Ya faranta wa iyayenka kamar yadda ka faranta mini.

Malamin da ya hau ya ɗaura shi a igiyar ceto ya sauko da shi a hankali, shi ma ya ce aikinsa ya yi. To Malam, na ji, amma na ga hannunka yana rawa bayan ka kwance shi, kuma kai ne ka zo asibiti washegari da ƙugiyar ƙarfen da ke maƙala ɗamara da wayar a aljihu, ka ɗora mini a tafi, ka ce irinta tana ɗaukar nauyin kusan tan 2, kuma guda biyu ne a jikin Auta, ba a cire ɗaya sai an maƙala ɗaya. Ban san ina bukatar in taɓa ta ba sai da na taɓa. Allah Ya saka da alheri, Ya tsare ka a duk hawan da za ka yi.

Ma'aikaciyar jinya ta dare da ta ba ni kujerarta, da ƙanwata da ta bar 'ya'yanta ta kwana biyu a kan benci, Allah Ya biya ku.

Laifin ba na wurin horon ba ne, gara in faɗa a fili. Zazzaɓi ya kwana da Auta, ya ɓoye, don ranar shi aka zaɓa ya jagoranci ƙungiya. Ƙa'idarsu kuwa ba a tilasta wa kowa, yaro ne ke zaɓar inda zai tsaya. Da barci ya ƙi zuwa na yi ta karance-karance a waya, na ga tun 1941 Kurt Hahn ya buɗe makarantar Outward Bound a Aberdyfi ta ƙasar Wales don horar da matasan ma'aikatan jirgin ruwa juriya a lokacin yaƙi, a 1971 kuma ƙungiyar Project Adventure ta shigar da irin wannan horo makarantun Amurka. Ba jiya aka fara ba. Ina faɗa ne saboda 'yan'uwan da suka aiko mini da saƙon "me ya kai shi hawa igiya sai ka ce biri". Na gode da tambayar. Asibitin dai bai kai nisan da kuke zato ba, amma ba komai, Allah Ya bar zumunci.

Hular kwanon tana bayan mota har yanzu, a rikicen nan muka taho da ita. Ranar Asabar zan mayar. Auta ya ce zai bi ni, wai akwai rabin waya da bai ƙarasa ba. Ban ba shi amsa ba tukuna.