Allura a kunne, ciwo a ƙugu

Talata, da dare.

Rigingine nake wannan rubutu, waya a sama da fuskata, don ba damar in juya gefe. Kowane kunne da 'yan ƙananan allurai 5 a ciki, kuma matashi na taɓa su sai in ji kamar cinnaka.

Shekara 3 ke nan ƙuguna bai bar ni na sake ba. Likitoci suna cewa in ciwon baya ya haura wata 3 ya zama daɗaɗɗe, ni kuwa nawa ya yi jika. An ɗauki hoto, ba a ga abin a-zo-a-gani ba. Ibuprofen na sha har cikina ya fara ƙorafi, aka ce in dakata kafin in jawo gyambon ciki. Shi ya sa da likitar gashin ƙashi ta kawo zancen akufanca ta kunne, wato magani ta hanyar tsira ƙananan allurai a fata, ban yi musu ba, dariya kawai na yi. Na ce, "Likita, baya ke ciwo, me ya haɗa shi da kunne?" Ta ce, "Malam, zauna tukuna."

Tana goge min kunne da auduga tana ba ni labari. Ashe wannan salon ba tsohon gadon Sin ba ne kamar yadda na zata. Wani likitan Faransa ne a birnin Liyon, Paul Nogier, ya riƙa ganin marasa lafiya da tabon ƙuna a wuri guda cikin kunne, wai wata mai magani a Marsel ce ta ƙona su don ciwon jijiyar nan da ke saukowa daga ƙugu zuwa ƙafa, kuma sun ce sun ji sauƙi. A 1957 ya fito da taswirarsa: kunne tamkar jariri ne a ciki, kai a ƙasa. Wurin huda ɗankunne shi ne kan, tudun guringuntsin da ya lanƙwaso a ciki shi ne gadon baya. Na tsaya gaban madubi da na dawo, wallahi in ka so ganin jaririn sai ka gan shi.

Salon da ta yi min shi ne na sojan Amurka, wanda likitan sojan sama Richard Niemtzow ya tsara a 2001. Alluran ba su fi ƙwayar shinkafa ba, a bar su su faɗo da kansu bayan 'yan kwanaki. Tana tsira ɗaya sai ta ce in tashi in taka. Ta uku ce ta sa ni hawaye. Kafin a fara ta ce in auna ciwon daga 0 zuwa 10, na ce 7. Da aka gama na ce 4, kuma ba don in faranta mata ba.

Da yamma karambani ya sa na bi diddigi. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin jinya, tun 2016 ta ce kada a ba masu ciwon baya akufanca, don a gwaje-gwaje ba ta yi wa allurar bogi fintinkau ba. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP a 2017 ta sa ta cikin abin da za a gwada kafin ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta yarda da ita da sharaɗi, a haɗa da sauran hanyoyin jinya. Zancen jaririn nan bai shige ni ba, gaskiya. Abin da ya fi kwanta min shi ne reshen jijiyar bagus da ke ratsa kunne, mai kai saƙo ƙwaƙwalwa. Wataƙila kuma zafin kunnen ne kawai ya ɗauke min hankali daga ƙugun.

Likitar ma ba ta cika baki ba. Ta ce kada in kuskura in bar atisayen da ta koya min, kuma in kunnen ya kumbura ko ya yi ja ya ɗau zafi in dawo nan take, don guringuntsi ba ya samun jini sosai, in ƙwayar cuta ta shige shi da wuyar fita.

Ɗazu makulli ya faɗi, na sunkuya na ɗauka ba tare da na dafa bango ba. Uwargida ta gani, ta ce, "Maigida, ko dai ni ma in je da gwiwata?" Na ce ta bari mu ga yadda zan tashi gobe da safe, don da safe ne ƙugun ya fi nuna halinsa.