Asabar: Gwajin Kwamfutar Kawu

Yau tun bayan sallar azahar nake gidan Kawu, ina duba saitunan da aka tanada wa masu larura a kwamfutarsa ta kan tebur. Ciwon ido ya rage masa gani sosai, ga kuma rawar hannu da shekaru suka kawo, amma har yanzu shi yake rubuta takardun ƙungiyar unguwarsu, kuma ba ya son ya riƙa kiran jikoki duk lokacin da zai buɗe wasiƙa.

Na fara da abubuwa masu sauƙi. Idan aka danna maɓallin Windows tare da U, shafin saitunan yana buɗewa kai tsaye. Na ƙara girman rubutu, na mayar da kibiyar linzami babba mai launin rawaya, sannan na gwada madubin ƙara girma da maɓallin Windows da alamar tarawa, na rufe shi da Windows da Esc. Duk sun yi aiki. Saitin da ke mayar da bango baƙi, rubutu fari, shi ne ya fi yi masa daɗi, domin farin allo yana kashe masa ido. Saboda rawar hannun kuwa, na kunna saitin da ake samu ta danna Shift sau biyar a jere, wanda yake ba mutum damar danna maɓallan haɗin gwiwa ɗaya bayan ɗaya maimakon riƙe su tare.

Inda na daɗe shi ne wajen manhajar karanta allo, wato wadda ke karanta wa mutum abin da ke kan allo da murya. Windows tana da tata mai suna Narrator, wadda ake tayarwa da Windows da Ctrl da Enter, amma Kawu ya fi sabawa da NVDA, manhajar kyauta da wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006. A ganina, duk mai ido da ya gwada irin wannan manhaja yana kallon allo bai gwada komai ba, domin idonsa ne zai riƙa cike masa duk gurbin da murya ta bari. Don haka na kashe allon gaba ɗaya, na ture linzami gefe, na sake tayar da kwamfutar da niyyar in shiga, in buɗe takarda, in rubuta layi guda, in adana, da kunne da yatsu kaɗai.

Nan take matsalar ta fito. Kwamfutar ta tashi, amma shiru kake ji a wurin shigar da kalmar sirri, saboda manhajar ba ta fara magana sai an riga an shiga. Wanda ba ya gani zai sha wahalar sanin ko ta gama tashi, ko kuma a wane akwati yake rubutu, ga shi a unguwar tasu ana yawan ɗauke wuta, ke nan kullum sai ya bi ta wannan ƙofa. Akwai zaɓi a cikin saitunan NVDA da ke sa ta yi magana tun daga shafin shiga, sai dai yana neman izinin mai kula da kwamfutar. Na kunna shi, na kuma kwafa saitin murya zuwa can, don kada ya ji wata murya mai gudu dabam da wadda ya saba.

Abin da ya rage mini a rai shi ne karatun Hausa. Muryar da ke kan kwamfutar ta Turanci ce, tana murɗe kalmominmu, kuma da ta iso kan ƙ ko ɗ ko ɓ sai kalmar ta fito a gurguje. Na rage mata sauri, abin ya ɗan gyaru.

Daga nan na ce, "Kawu, bismillah, ku gwada da kanku, ni ba zan sa baki ba." Ya tayar da ita, ya shiga, ya rubuta gayyatar taron gobe, ya adana. Sau ɗaya ya tsaya, inda wani akwatin tambaya ya fito yana neman a tabbatar da sunan takarda, sai ya sa manhajar ta maimaita masa, ya wuce. Ya ce, "Madalla, ɗana, Allah Ya yi maka albarka, amma a ƙara rage mata gudu kaɗan." Na rage. Sauran na'urar buga takardu da ban gwada da allo a kashe ba, ita zan fara dubawa ranar Litinin in Allah Ya kai mu.