Yadda na kusa auren wata tsohuwa a jirgin Prag

Daga Berlin ta Jamus na shiga jirgin ƙasa zuwa Prag, babban birnin ƙasar Cek, tafiyar awa huɗu da ɗoriya ce, kuma da an wuce Dresden sai jirgin ya bi gefen kogin Elbe, duwatsu dama da hagu, wallahi har na manta da wayata.

A Děčín, tashar farko da ka shiga ƙasar Cek, wata tsohuwa ta shigo ita da jikanta ɗan jami'a. Ko zama ba ta gama yi ba ta buɗe leda ta miƙo min wani burodi mai zaƙi da aka cusa wa jam a ciki, buchta suke ce mai. Na ci ɗaya ta ƙaro. To ni fa da na ga tsohuwa wasan jika da kaka ne ke taso min, haka muka saba a gida, sai na ce wa yaron da Turanci ya gaya mata na samu mata, nawa ne sadakin?

Ya fassara. Shiru. Ta kalle ni ta saman gilashinta, wani mutum da ke karanta jarida ma ya sauke ta, ni kuma gumi ya fara keto min duk da sanyin da ake yi.

Na ce ɗan uwa taimaka, ya ake cewa wasa nake? Ya ce "dělám si srandu", sai kuma ya yi sauri ya ce a'a, wannan ta abokai ce, ga babba gara in ce "dělám si legraci". Ana faɗinta kamar diyelam si legratsi, don c ɗinsu kusan ts ɗinmu ne, wannan kam bai ba ni wahala ba. Na dafa ƙirji na faɗa har sau biyu.

Baba ta kwashe da dariya tana cewa no, no. Na ɗauka a'a ce irin ta Bature, ashe a bakinsu no ɗin nan eh ce. Na tambayi jikan to eh ɗin ta wasan ce ko ta auren, ya ce shi ma bai sani ba.

Da muka sauka a babbar tashar Prag ta ɗora min akwatinta na kai mata har bakin taram, ƙaramin jirgin ƙasan da ke zirga-zirga a cikin gari.